RA'AYINMU: Harsashin Igwa Ba Ya Mutuwa Don Ya Yi Tsatsa

Duk falken da ya taɓa kai raƙuma ko tumaki Tamanrasat ta hanyar Agadas, Arlit, Asamaka da In Gezam ya san cewa mota ba ta komowa gida wayam. Ana kai dabbobi a dawo da dabino da taliya da barguna, wani lokaci kuma har da tarkacen ƙarfe da wayar jan ƙarfe waɗanda ake saye a kilo. A cikin wannan tarkacen ne muke da magana a wannan fitowar, domin kuwa ba kowane ƙarfen da ke kwance a hamada ba ne ƙarfen Allah-ta'ala. Akwai kwanson harsashin igwa, akwai shi kansa harsashin, akwai kuma wani ƙarfen da ko kusa bai yi kama da makami ba, amma gubar da ke jikinsa ta fi ta makamin daɗewa.

Abin da ya sa muka ɗauko zancen shi ne wata magana da ta fara zama ruwan dare a bakin 'yan gwangwan da yaran mota, har ma da wasu daga cikin makiyayanmu, wai akwai harsashi "mai rai" akwai "matacce", kuma wai mai ido yana iya bambance su. Wasu sukan ce in ya yi tsatsa ya mutu. Wasu su ce in fentinsa shuɗi ne babu komai a ciki. Wasu kuma su ce ai Turawa ma suna tara irinsu a ɗakunansu don ado, to mu me zai same mu? A ganinmu wannan magana tana da ƙanshin gaskiya a wani gefe, kuma wannan ɗan ƙanshin ne ya sa ta fi ƙarya tsagwaronta haɗari. Don haka za mu warware ta dalla-dalla.

Gaskiya ne a Turai da Amurka akwai masu sha'awar tara harsasan igwa, kamar yadda wani ke tara tsofaffin kuɗi ko takubba. Suna karanta lambobin da aka buga a jikin ƙarfen, su gane ƙasar da ta ƙera shi da shekarar da aka ƙera shi da girman bakin igwar da ke harba shi. To amma abin da masu kawo wannan hujja ba sa faɗa shi ne, harsashin da mai hankali a cikinsu yake ajiyewa a ɗakinsa ƙwararru ne suka kwance masa hanci, suka ƙwaƙule nakiyar da ke cikinsa ƙarƙaf, ko kuwa tun daga masana'anta ba a taɓa zuba masa komai ba, sau da yawa ma har da takardar shaida. Wato mutuwar harsashi aiki ne da wani ya yi da hannunsa, ya kuma sa hannu a kai. Rana da yashi da shekaru ba sa yin wannan aikin. Wanda yaro ya tsinta a gindin dutse yana bin awaki kuwa, ba wanda ya kwance shi, ba wanda ya shaide shi.

Ko su Turawan ba su tsira ba. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ƙare tun 1918, amma har yau manoman arewacin Faransa da na Beljiyam suna tono harsasansa da garma duk shekara, su jingine su a bakin gona sojoji su zo su kwashe, kuma a cikin shekarun nan an sha samun waɗanda suka rasa rayukansu a kan ƙarfen da ya haura shekara tamanin ko casa'in a cikin laka. In harsashin da ya yi ƙarni a ƙasa mai damshi bai mutu ba, ina ga wanda ke kwance a busasshiyar hamada, inda ko gawar raƙumi takan daɗe ba ta ruɓe ba?

Bari mu faɗi yadda abin yake, don wanda ya gani ya san me ya gani. Harsashin igwa ƙarfe ne mai kauri, dogo, mai tsinin kai kamar tulun da aka miƙar. Ana kiransa da faɗin jikinsa a milimita. Na ƙirar ƙasashen Yamma, irin su Faransa da Amurka, an fi sanin mai lamba 105 da mai 155. Na ƙirar Rasha, wanda sojojin Aljeriya da na Libiya da na ƙasashen Afirka da dama suka daɗe suna amfani da shi, akwai mai 122 da mai 152, kuma rubutun jikinsa da baƙaƙen Rashanci ne. Mai 155 ɗin nan nauyinsa ya kai kilo 43, kusan buhun siminti ke nan, kuma nakiyar da ke cikinsa kaɗai ta kai kilo 7. In ya tashi, jikin nan nasa mai kauri shi ne ke tarwatsewa ya zama dubban wuƙaƙe masu tafiyar ɗaruruwan mita. Garke guda bai fi ƙarfinsa ba.

Kusa da gindinsa akwai wani zobe na jan ƙarfe da ya zagaye shi, kuma wannan zoben ne ke jan hankalin mai neman tagulla, har ya ɗauko guduma da kurfi. To, a wannan zoben ne labarin harsashin yake. In zoben sumul yake, ba a taɓa harba shi ba, wato yana nan da cikinsa cif kamar yadda ya fito daga rumbun makamai. In kuwa zoben yana da zane-zane a karkace kamar tsagar fuska, to ya bi ta bakin igwa, an harba shi ya ƙi tashi. Wannan na biyun ya fi muni. Dalili kuwa, a hancin harsashin akwai 'yar na'urar da ke kunna shi, tana da sakatu waɗanda ƙarfin harbi da juyawar harsashin a sama ne ke zare su. Wanda aka harba ya faɗi bai fashe ba, sakatunsa a zare suke, abin da ya rage kawai a motsa shi. Jama'a su lura da kyau: zobe mai zane haɗari, zobe marar zane haɗari. Sanin zoben amfaninsa ɗaya ne, ka iya kwatanta wa hukuma abin da ka gani daga nesa.

Zancen fenti ma haka. A tsarin sojojin Yamma, koren soja da rubutu ruwan ɗorawa yana nufin nakiya, shuɗi kuma na atisaye ne. Sai dai na atisayen ma wani yakan zo da ɗan albarushin da zai yi hayaƙi don masu harbi su ga inda ya sauka, kuma wannan ɗan albarushin ya isa ya cire wa mutum hannu ko ido. Ban da haka, ba kowace ƙasa ke bin wannan tsarin launi ba, kuma iskar hunturu mai yashi ba ta barin fenti a jikin ƙarfe. Akwai kuma wani iri da ake cika shi da farin sinadarin fosfaras, wanda da zarar ya sha iska sai ya kama da wuta, ya ci nama har ƙashi, ruwa kuma ba ya gamawa da shi, in ya bushe sai ya sake kamawa. Daga waje ba shi da bambancin a-zo-a-gani da sauran. Kwanson tagulla da ake mayarwa turmin daka yaji ko ƙararrawar makaranta shi ne mafi sauƙin haɗari in har an riga an harba shi kuma kana hango gindinsa ta ciki, amma wanda ba a harba ba yana nan da albarushinsa da maƙyastinsa. Harsashin turmi kuwa, mai 'yar wutsiya da fikafikai, ƙarami ne har yaro zai iya sa shi a jakar kiwo, shi ya sa ya fi cin yara.

Yankin Tamanrasat yana da nasa ƙarin bala'in da babu irinsa a wurare da yawa. Kimanin kilomita 150 arewa da garin, a gefen babbar hanyar da ta nufi In Salah, akwai wurin da ake kira In Eker, da wani dutse mai suna Tawrirt Tan Afella. A cikin wannan dutsen Faransa ta haƙa ramuka ta gwada bama-baman nukiliya har sau 13 tsakanin Nuwamba 1961 da Fabrairu 1966, bayan guda 4 da ta tayar a sararin sama a Reggan, waɗanda na farkonsu ya tashi ran 13 ga Fabrairu 1960. Dattawanmu na Nijeriya za su tuna cewa a kan gwaje-gwajen Reggan ne gwamnatin Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa ta kori jakadan Faransa daga Ikko a watan Janairu 1961. Yawancin gwaje-gwajen In Eker kuwa an yi su ne bayan Aljeriya ta sami 'yancin kai, domin yarjejeniyar Ebiyan ta Maris 1962 ta bar wa Faransa wuraren har shekara biyar.

Ran 1 ga Mayu 1962 gwajin da suka sa wa suna Beril ya ƙwace musu. Toshiyar ramin ta ɓalle, narkakken dutse da baƙin hayaƙi mai guba suka yi waje, a gaban ministoci biyu na Faransa, Pierre Messmer da Gaston Palewski, waɗanda suka zo kallo. Su an wanke su, an auna su, an mayar da su Faris. Abzinawan Ahaggar da ke kiwo a kwaruruwan da ke kewaye, da leburorin da aka ɗauka aikin haƙa, ba su sami wannan gatan ba. Da Faransawa suka tashi a 1967 suka bar wayoyin jan ƙarfe masu tsawon kilomitoci, da gangunan ƙarfe, da kwanon rufi, da injuna, wasu a binne cikin yashi wasu a fili. Talaka ya ga dukiya a yashe, ya kwasa. An yi shingen garka da su, an rufa ɗaki, an narkar da waya an sayar, wasu ma sun shiga hannun maƙera. Hukumar kula da makamashin nukiliya ta duniya ta aika masana wurin a 1999, rahotonta ya fito a 2005, ya kuma tabbatar da cewa narkakken dutsen da ke bakin ramin Beril yana nan da gubarsa. Gwamnatin Aljeriya ta kewaye dutsen da shinge, amma shingen ƙarfe a wurin da ƙarfe yake kuɗi, kowa ya san ƙarshensa.

Wannan guba ba ta da wari, ba ta da launi, ba ta fashewa, sai na'ura ce kaɗai ke gane ta. Falken da ya sayi buhun tsohuwar waya a hannun wanda bai sani ba, ya ɗora a motar da za ta kwana uku a hanya da mutane a kai, ba shi da hanyar sanin daga ina ta fito. Ba muna cewa duk jan ƙarfen Tamanrasat daga In Eker yake ba, ko kusa. Muna cewa ne ribar da ke cikin buhu ɗaya ba ta kai a yi caca da lafiyar iyali ba. Kuma kada wani ya sa ran diyya in abin ya faru. Faransa ta yi dokar biyan waɗanda gwaje-gwajen suka cutar a Janairu 2010, amma zuwa 2021 ɗan Aljeriya ɗaya tak aka biya. In wanda aka haifa a gindin dutsen bai samu ba, ina ga Bahaushe ko Bafulatanin da ya ratsa da fatauci?

Kada 'yan'uwanmu na kudu su ce wannan matsalar mutanen hamada ce. Tawayen arewacin Nijar na 2007 zuwa 2009 ya bar nakiyoyi a hanyoyin Abzin, har a cikin garuruwan Maraɗi da Tawa sai da nakiya ta tashi da motoci a Disamba 2007. Rushewar gwamnatin Libiya a 2011 ta buɗe rumbunan makaman da har yau ba a san iyakar inda kayansu suka kai ba. Arewacin Mali da yankin Tafkin Cadi sun sha ruwan harsasai shekara da shekaru, kuma a kowane yaƙi akwai kason da ke faɗuwa bai fashe ba. A Barno sana'ar gwangwan ta ci rayuka da yawa, wasu a hannun 'yan bindiga a daji wasu a kan abin da suka tsinto, har Gwamna Babagana Zulum ya haramta ta a 2023. A ƙaramar hukumar Kaciya ta Jihar Kaduna akwai makarantar sojojin igwa da filin harbinta, a ƙaramar hukumar nan kuma makiyayar Ladduga take. Wanda kuma yake shakkar abin da tsohon harsashi zai iya yi, ya tambayi mutanen Ikko labarin ran 27 ga Janairu 2002, ranar da rumbun makaman barikin Ikeja ya kama da wuta, mutane fiye da dubu suka halaka, akasarinsu a cikin ruwan da suka faɗa wajen gudu.

To me ya sa makiyayi ya fi kowa shiga wannan haɗari? Domin shi ne ke zuwa inda ba kowa. Manomi yana da gonarsa da ya sani taku-taku, ɗan birni yana da kwalta. Makiyayi kuwa kullum ana tura shi gaba, gona ta cinye burtali, gari ya cinye mashekari, sai ya nausa inda ciyawa ta yi tsawo, kuma sau da yawa ciyawa ta yi tsawo ne a wurin don an yi yaƙi mutane sun gudu, ko don filin atisayen soja ne. Ga shi kuma masu bin dabbobin yara ne 'yan shekara goma zuwa sha biyar, masu son duk abin da ke ƙyalli. Wani ya mayar da harsashi turken ɗaure maraƙi, wani ya jera shi cikin duwatsun murhu don dafa shayi, wani ya kai wa maƙeri don ya yi uwar maƙera da shi ko ya fitar masa da zobe. Wuta da guduma kuwa su ne abubuwa biyu da harsashi yake jira.

Abin da muke roƙon kowane Arɗo da kowane mai garke ya gaya wa yaransa ba shi da yawa. In an ga ƙarfen da ba a san shi ba, kada a taɓa shi ko da sanda, kada a jefe shi da dutse don a gwada, kada a hura wuta kusa. A koma ta sawun da aka zo, a kora dabbobi nesa sosai, domin inda aka ga ɗaya da wuya a ce shi kaɗai ne. A tara duwatsu ko a ɗaura tsumma a itace can nesa da shi don na baya ya gane, a riƙe alamar wurin, sannan a gaya wa manya. Fatake kuma, musamman masu lodi a Tamanrasat da In Gezam da Arlit, su duba abin da yaran mota ke cusawa a ƙarƙashin kaya. Ko ba don fashewa ba, wanda jandarma ya kama da harsashi a mota a kan wannan iyaka, bayanin cewa ai matacce ne ba zai fisshe shi ba, kuma dukiyarsa da ta abokan tafiyarsa duk sun shiga uku.

Sai dai a nan ne muke da ƙorafi babba a kan hukumomi, kuma ba za mu ɓoye shi ba. Ana ce wa makiyayi ya kai rahoto. To ya kai wa wa, kuma ya dawo gida lafiya? A yanayin da ake ciki, inda ake yi wa duk mai rawani ko mai sanda kallon ɗan ta'adda, mutumin da ya shiga ofishin 'yan sanda ko na jandarma ya ce ya ga bam a daji yana tsoron tambayar farko da za a yi masa ita ce me ya kai shi wurin, ta biyu kuma su wa ya sani a can. Bakon da ke Aljeriya ba da cikakkun takardu ba kuwa, tsoronsa biyu ne, domin yana iya shiga da rahoto ya fito a motar da za ta zubar da shi a bakin iyaka ya taka zuwa Asamaka da ƙafa. Saboda haka sai mutane su yi shiru, harsashi ya ci gaba da kwanciya har ranar da yaron wani zai same shi. Muddin mai kawo labari ba shi da tabbacin cewa ba za a tsare shi ba, duk wa'azin rediyo aikin banza ne. Muna kira da a buɗe hanyar kai rahoto ta hannun Arɗaɗɗi da hakimai da sarakunan zango da shugabannin kara, a karɓi bayanin wuri ba tare da an riƙe mai bayanin ba.

Kazalika muna so a sani cewa share ƙasa abu ne mai yiwuwa in an sa kai. Faransa ta dasa nakiyoyi kusan miliyan 11 a iyakokin Aljeriya na gabas da yamma lokacin yaƙin 'yanci, ba ta miƙa taswirarsu ba sai a 2007, amma duk da haka sojojin Aljeriya suka yi ta tono har aka bayyana kammala aikin a 2017, bayan an fitar da fiye da miliyan 8. Ƙasar da ta iya wannan za ta iya tsare dutse guda, ta kuma sa na'urar awo a wuraren da ake sayen tsohon ƙarfe a Tamanrasat. Ita kuma Faransa, wadda ta san ramukan da ta binne kayanta, bashin taswirar nan yana wuyanta. Nijar tana da hukumar tattara haramtattun makamai tun 1994, muna so mu ga jami'anta a kasuwannin dabbobi da wurin bikin shan gishiri na Ingal, suna nuna wa makiyaya hotunan waɗannan abubuwa da Hausa da Fulatanci da Tamashek, maimakon taron otal a Yamai.

Akwai wani abu kuma da muke faɗa tun yanzu don kada a ce ba mu faɗa ba. Kada a fake da haɗarin harsashi a ƙwace wa makiyaya ƙasa. Mun sha ganin an killace fili da sunan tsaro, shekaru su wuce ba a share komai ba, daga baya a wayi gari ya zama gonar wani babba. In an rufe wuri don haɗari, a faɗi iyakarsa, a kafa alamun da wanda bai yi boko ba zai gane, a faɗi lokacin da za a gama, a kuma nuna wa masu dabbobi inda za su bi su sha ruwa kafin nan. Sojojin da ke atisaye kusa da makiyaya su sanar da Arɗo kafin su fara, su kuma bi filin su kwashe abin da bai tashi ba bayan sun gama. Saniyar da harsashin gwamnati ya kashe a kan burtalin da gwamnati ta shata, a biya mai ita kuɗinta na kasuwa.

Daga ƙarshe muna juyawa ga manyan dillalan gwangwan na Kano da Maraɗi da Agadas, masu sikeli da tirela. Yaro ba zai ɗauko harsashi daga daji ba in ya san ba mai saye. Ku ne kuke sa farashi, ku ne za ku iya cewa wannan ba ma karɓa, kuma ranar da ɗaya ya tashi a cikin tarin ƙarfenku, a tsakiyar unguwa zai tashi. Mun umarci rassan ƙungiya da ke kasuwannin kan iyaka su zauna da shugabannin 'yan gwangwan da na direbobi kafin lodin Babbar Salla, kowane reshe kuma ya aiko mana da sunayen wuraren da makiyayansa suka ga irin wannan ƙarfe, ba tare da sunan wanda ya gani ba, mu kuma za mu miƙa wa hukuma da hannunmu.